Rataya bindiga a fili ko ɓoye ta: amsa ga mai tambaya daga Houston

Wani ɗan'uwa mazaunin Houston a jihar Texas ya aiko da tambaya. Yana da katin zama na dindindin, yana gudanar da shago a wani gidan mai, kuma shi ke rufewa da tsakar dare. An yi fashi a shagon da ke kusa da nasa, sai ya sayi ƙaramar bindiga ta hanyar da doka ta yarda. Abokansa sun rabu biyu. Wasu sun ce ya rataya ta a ƙugu kowa ya gani, ɓarawo zai ji tsoro. Wasu sun ce ya ɓoye ta cikin riga. Yana son sanin wanne ya fi.

Malam, Allah ya tsare gaba. Amsata ita ce ka ɓoye ta, ka nemi lasisi ko da yake Texas ba ta tilasta maka ba, kuma kada ka fara yawo da ita sai ka koyi zare ta daga cikin irin kayan da kake sawa kullum. Ga dalilaina.

Zan fara da batun takardu, domin da yawa cikin masu karanta wannan amsa ba irin takardarka gare su ba. Dokar tarayyar Amurka ta yarda mai katin zama na dindindin ya mallaki bindiga. Amma wanda ya shigo da bizar karatu, ko ta ziyara, ko ta aiki ta wucin gadi, an hana shi riƙe bindiga ko harsashi, sai a wasu 'yan ƙofofi ƙalilan, misali in yana da lasisin farauta mai aiki. Wanda ba shi da takardu kuwa babu ƙofa ko ɗaya. Kai ma mai katin, ka sani cewa ba ɗaya kake da ɗan ƙasa ba. In kotu ta same ka da laifin da ya shafi bindiga, ko da ƙaramin laifi ne wanda ɗan ƙasa zai biya tara ya koma gida, dokar shige da fice ta ba da damar a tasa ƙeyarka. Abokan da ke ba ka shawara in 'yan ƙasa ne, kuskuren da zai ci musu kuɗi kai zai iya cin zamanka da na iyalinka. Wannan kaɗai ya isa ya sa ka zaɓi hanyar da ta fi rage haɗuwarka da 'yan sanda.

A Texas hanyoyin biyu duk halal ne a doka. Tun 1 ga Janairun 2016 masu lasisi ke iya rataya ƙaramar bindiga a fili, daga 1 ga Satumban 2021 kuma aka cire sharaɗin lasisin ga wanda ya kai shekara 21 kuma doka ba ta hana shi riƙe makami ba. Wanda zai rataya a fili dole ta kasance cikin kube. Kotun Ƙolin Amurka ma ta yanke a shekarar 2022 cewa fita da bindiga don kare kai haƙƙi ne da tsarin mulki ya ba mutum, sai dai ta bar wa jihohi damar tsara yadda za a yi. Shi ya sa abin da ya halatta a Houston zai iya kai mutum kurkuku a New York ko Chicago.

Wani abin lura shi ne a da can akasin haka ake kallon lamarin. A ƙarni na 19 ɓoye makami ake ɗauka aikin maha'inta, mutumin kirki a fili yake rataya nasa. Kentucky da Louisiana sun hana ɓoye makami tun 1813. Sai daga baya al'ada ta juya, musamman bayan 1987 da Florida ta fara ba duk wanda ya cika sharuɗɗa lasisin ɓoyewa, jihohi da dama suka bi sahu. Yau a cikin birane, wanda ya rataya a fili shi ake wa kallon baƙon abu.

Hujjar masu cewa a rataya a fili ba ta banza ba ce, kuma ba na son in yi mata riƙon sakainar kashi. Suna cewa ɓarawo mai neman sauƙi ne, in ya ga makami zai wuce gaba. A farkon shekarun 1980 wasu masu bincike biyu, James Wright da Peter Rossi, sun tambayi fursunoni sama da 1,800 a jihohi goma, kusan kashi 40 cikin 100 suka ce sun taɓa fasa aikata laifi saboda sun san, ko suna zaton, wanda za su far wa yana da bindiga. To amma ka duba kalmar zato a nan. Tsoron ya samo asali ne daga rashin sanin wa ke da ita, wa ba shi da ita. Da ka rataya a fili ka cire wa ɗan fashi wannan wasiwasi. Matsoraci zai tafi, gaskiya ne. Wanda ya zo da niyya kuwa ka sanar da shi abu biyu kyauta: wanda zai fara kawarwa, da kuma cewa akwai wani kaya mai tsada a ƙugunka wanda ya fi kuɗin da ke cikin durowa saurin shiga kasuwa.

Ka kwatanta da aikinka. Kana tsaye bayan kanta, ka juya baya ka ɗauko sigari, ka sunkuya ka ɗauko leda, ka fita gyara famfon mai da ya tsaya, mutane na bi ta bayanka taku ɗaya ko biyu. Wanda ya shigo sayen lemo da rana ya riga ya ga a wane ɓangare take da kuma irin kuben da take ciki. Ɗan sanda da kake gani da bindiga a fili, kubensa na da makulli wanda sai an danna ko an murɗa kafin ta fito, an horar da shi yadda zai hana a ƙwace ta, yana sanye da rigar sulke, yana da rediyo da abokan aiki. Duk da haka akwai 'yan sandan da aka kashe da bindigarsu. Mai shago shi kaɗai da ƙarfe ɗaya na dare ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan.

Hujjarsu ta biyu ita ce sauri. Haka ne, wanda ba sai ya ɗaga riga ba ya fi saurin zarewa, amma bambancin ɗan guntun daƙiƙa ne, kuma atisaye na rage shi. Matsalar ita ce mutane sun ɗora wa sauri nauyin da ba zai iya ɗauka ba. A 1983 wani jami'in 'yan sanda na Salt Lake City, Dennis Tueller, ya nuna cewa mutum mai wuƙa zai iya cin tazarar ƙafa 21, wato sama da mita shida, cikin kusan daƙiƙa ɗaya da rabi, kusan daidai da lokacin da horarren mutum ke ɗauka ya zare ya harba. Wannan mai wuƙa ke nan. Mai bindigar da ya riga ya nuna ka kuwa, babu kuben da zai sa ka riga shi. A ranar 29 ga Disamban 2019 a wani coci da ke White Settlement kusa da Fort Worth, wani mutum ya fito da bindiga daga cikin kwat ana tsakar ibada. Ɗaya daga cikin masu gadin sa kai ya kai hannu zai zare tasa a gabansa, aka harbe shi ya rasu. Wanda ya kawo ƙarshen abin cikin kimanin daƙiƙa shida, Jack Wilson, yana can gefe ne, idon maharin ba a kansa yake ba, kuma malamin koyar da harbi ne na shekaru. Abin da ya tsirar da mutane a ranar shi ne wurin tsayuwa da horo.

A nan ne ɓoyewa ta fi ƙarfi. Tana bar maka zaɓi. In an nuna ka da bindiga an ce ka buɗe durowa, ka buɗe ka miƙa, kuɗin ciniki ne, ana samun wani. In suka ɗauka suka fita, ka tsira da ranka, bindigarka na nan inda take ba wanda ya sani. In kuwa ka ga alamar ba kuɗi kaɗai suke nema ba, misali suna tura ka ɗakin ajiya na baya, to kai ke da damar zaɓar lokaci. Wanda ya rataya a fili an riga an zaɓa masa tun daga bakin ƙofa.

Sai batun da abokanka farare ba lallai su faɗa maka ba. Kai baƙar fata ne, Musulmi, harshenka na nuna ba a nan aka haife ka ba. Doka ɗaya ce a takarda, amma idon mai kiran 911, lambar kiran gaggawa ta Amurka, ba takarda yake karantawa ba. A Agustan 2014 ɗan sanda ya harbe wani baƙar fata, John Crawford, a cikin wani kantin Walmart a Ohio, jihar da ta yarda da rataya bindiga a fili, alhali bindigar iska ce ya ɗauko daga kan kantar shagon yana waya. Wani ne ya kira 'yan sanda. A ranar 7 ga Yulin 2016 da aka kashe 'yan sanda biyar a Dallas, shugaban 'yan sandan birnin na lokacin, David Brown, ya ce mutum 20 zuwa 30 ne suka zo zanga-zangar da ake yi a wurin da dogayen bindigogi a kafaɗa, da harbi ya tashi suka watse da gudu, jami'ai suka rasa gane maharin daga cikinsu. Ɗaya daga cikinsu, Mark Hughes, baƙar fata, bai karya wata doka ba, ya ma miƙa bindigarsa ga ɗan sanda da kansa, amma aka watsa hotonsa duniya a matsayin wanda ake zargi. An sake shi, sai dai barazanar kisa ta bi shi gida. Tarihin abin ma ya nuna haka: a 1967 da 'yan ƙungiyar baƙaƙen fata ta Black Panther suka shiga majalisar Kalifoniya da bindigogi a fili, a shekarar Gwamna Ronald Reagan ya sa hannu kan dokar da ta hana yawo da bindiga mai harsashi a bainar jama'a.

Bindigar da ke fili magana take yi ko mai ita bai buɗe baki ba. Musulmin Texas sun san haka, domin a Nuwamban 2015 wasu sun je sun tsaya a gaban masallacin garin Irving, kusa da Dallas, da dogayen bindigogi, ba su harbi kowa ba, amma kowa ya fahimci saƙon. Tsohuwar da ta shigo shagonka sayen madara ba ta san zuciyarka ba, abin da ta gani a ƙugunka shi za ta ɗauka ta tafi da shi. Bayan harin bindiga da aka kai wani kantin Walmart a birnin El Paso a Agustan 2019, manyan kantunan Walmart da Kroger sun roƙi masu sayayya su daina shiga da bindiga a fili. A addini ma muna da ja-gora: hadisin Abu Musa al-Ash'ari ya zo da umarnin cewa wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu da hannunsa don kada ya ji wa wani Musulmi rauni. Ba a hana shi ɗaukar makamin ba, an ɗora masa nauyin kare mutane daga gare shi.

Akwai inda rataya a fili ya dace. Mai gona ko makiyayi a karkarar Texas da ke fama da aladun daji da macizai, mafarauci a dawa, mai gadi sanye da kayan sarki wanda aka ɗauka don a gan shi a ƙofar masallaci ranar Juma'a ko Idi. Waɗannan ganin makaminsu na cikin aikinsu. Kai aikinka ciniki ne.

Kada kuma ka ɗauka ɓoyewa abu ne mai sauƙi. Bindiga cike da harsashi na kusan kai kilo ɗaya. Wandon kaftani mai zariya ba zai riƙe ta ba, za ta rinjayi ƙugun ta karkace, ka yi ta gyarawa da hannu, wannan gyaran kuwa shi ke tona asirin mai ɓoyewa. Kana buƙatar bel mai tauri da kube mai ƙarfi wanda aka yi wa samfurin bindigarka, wanda ya rufe kunama ruf. Kada ka taɓa jefa ta tsirara cikin aljihun kaftani tare da makullai da carbi. Doguwar riga tana ɓoyewa da kyau, amma ka gwada ɗaga kaftanin da ya wuce gwiwa da hannu ɗaya ka ga tsawon lokacin da zai ci. Wurin mayar da ita kube ma akwai haɗari, domin gefen riga na iya shiga ya ja kunama, harsashi ya bi cinya. Don haka a wurin aiki ka sa gajeriyar riga mai ɗan yalwa, a gida kuma ka riƙa gwajin zarewa da bindigar da ka cire wa gidan harsashi, ka duba cikinta da ido, ka ajiye harsasan a wani ɗaki daban. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka yi tunanin sallah ma. Wanda ya saka ta a bayan ƙugu, da ya yi ruku'u ko sujada gindinta zai turo riga, sahun baya su gani. Wanda ya saka ta a gaba zai ji ta tokare shi a zaman tahiya. Wurin alwala da bayan gida su ne inda mutane ke cirewa su ajiye su manta, yaro ya shigo ya tarar. Tun 2019 dokar Texas ta bar wa wuraren ibada su yanke wa kansu ko za su yarda a shiga da makami, don haka ka tambayi kwamitin masallacinku, abin da suka ce shi ne. In za ka bar ta a mota, a sa ta cikin ƙaramin akwatin ƙarfe da aka ɗaure da waya a jikin kujera. Daga motoci ake sace bindigogi masu yawa a biranen Amurka, kuma Houston na cikin inda abin ya yi ƙamari.

Lasisin kuwa hukumar tsaron jama'a ta jihar ke bayarwa. Kuɗinsa dala 40, darasin awa huɗu zuwa shida ne, da jarrabawar rubutu da gwajin harbi na harsashi 50. Amfaninsa ya wuce kuɗinsa nesa. Dokar tarayya ta 1990 ta hana riƙe bindiga a cikin tazarar ƙafa 1,000 daga makaranta, amma ta keɓe mai lasisin jihar da makarantar take, a birni kamar Houston kuwa da wuya ka yi tuƙin minti goma ba ka gifta makaranta ba. Jihohi da dama na amincewa da lasisin Texas in tafiya ta kama. A ajin ne kuma za a koya maka karanta allunan da ake mannawa a ƙofa: mai lamba 30.06 ya hana mai lasisi shiga da ɓoyayyiya, 30.07 ya hana ta fili, 30.05 ya shafi marasa lasisi, jan allo mai 51% kuma na mashaya ne, shiga da bindiga can babban laifi ne. Makarantu, kotuna, rumfunan zaɓe da gidan waya duk haramun ne. In kana taɓa tuƙin Uber ko Lyft, ƙa'idar kamfanonin ta hana direba ɗaukar bindiga. Sai dai darasin lasisi matakin farko ne kawai, ka nemi ƙarin horo a filin koyon harbi.

Abin da ya fi damuna da masu sabuwar bindiga shi ne zuciya. Dokar Texas ta yarda ka harba ne in kana da dalili mai ƙarfi na ganin cewa dole ne a wannan lokacin don kare rai, ko hana manyan laifuka irin su fashi da makami, kuma wanda ya tsokano faɗan na iya rasa wannan kariya. Nuna wa mutum bindiga a kan gardamar canji ko rigimar hanya na iya zama tuhumar da hukuncinta ke tsakanin shekara 2 zuwa 20. A nan ma ta fili ta fi jawo bala'i, domin ana musu ka dafa ƙugu, abokin faɗa ya kira 'yan sanda ya ce ka kai hannu ga makami. Ranar da ka fara ɗaukar bindiga, zagi ya zama abin haɗiyewa, wanda ya sha gabanka a hanya ka bar shi ya wuce. Kuma ba ɗan sanda ka zama ba. A Yunin 2014 a Las Vegas, wani mai lasisi, Joseph Wilcox, ya bi wani mahari cikin Walmart, bai san matar da ke biye da shi tare take da maharin ba, ita ta harbe shi.

A gida kuma, alƙaluman hukumar lafiya ta Amurka sun nuna mutum 48,830 ne suka mutu ta hanyar bindiga a 2021, fiye da rabinsu, 26,328, kashe kansu suka yi. Bindigar da ba ta jikinka ta kasance cikin akwati a kulle, ba ƙarƙashin matashi ko saman kabad ba, yara sun fi mu sanin lungunan gida. In akwai wanda ke fama da damuwa a gidan, ko kai kanka, a fitar da ita har abin ya wuce. Ka kuma yi shawara da uwargida kafin komai.

Ga 'yan'uwa da ke karantawa daga Najeriya, wannan duk dokar Amurka ce. A gida dokar makamai ta 1959 ce ke aiki, kuma riƙe ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba laifi ne mai kai mutum kurkuku.

Saura haɗuwa da 'yan sanda, inda ɓoyewa ma ba ta warware komai ba. Philando Castile yana da lasisi. A ranar 6 ga Yulin 2016 aka tsayar da shi a Minnesota, ya gaya wa jami'in cewa yana da bindiga, ya kai hannu wajen aljihu, aka yi masa harbi bakwai a gaban budurwarsa da 'yarta mai shekara huɗu, kotu kuma ta wanke jami'in a 2017. Don haka in an tsayar da kai da dare, kashe injin, kunna fitilar ciki, sauke gilashi, ɗora hannu biyu a kan sitiyari. Lasisin tuƙi da na bindiga da takardar inshora su kasance a wuri ɗaya nesa da inda bindigar take, misali a maƙale a jikin makarin rana da ke saman gilashi. Ka ce masa kana da lasisin ɗaukar makami kuma yana tare da kai, ka faɗi inda yake, ka tambaye shi yadda yake so ka yi, kada hannunka ya motsa sai ya ce. In kuma Allah ya ƙaddara ka yi harbi a shago, kai za ka fara kiran 911, ka faɗi adireshi da kalar rigarka, ka nemi motar asibiti, kuma kada 'yan sanda su iso su tarar da bindiga a hannunka. Ka nuna musu shaidu da inda kyamarar shagon take, sannan ka ce sauran bayani sai lauyanka ya zo. Lauyan nan ka neme shi tun yanzu, wanda ya san shari'ar laifuka da ta shige da fice, ka rubuta lambarsa a takarda cikin walat, domin wayarka na cikin abin da za su fara karɓa.